Tambayi Bakanike: Lambar da ke Wuyan Babur

Tun da aka fara biyan kuɗin auduga, saƙonnin da ke shigo mini kusan duk a kan sayen mashin suke. Na tsinto biyar da suka haɗu a kan abu guda, wato lambar shasi. Kamar kullum, na cire sunaye. Waɗanda suka aiko da lambarsu cikakkiya kuma na ɓoye ƙarshenta, za ku ji dalili a gaba.

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni ɗan kilando ne, wato ɗan acaba, a Marwa. Wata biyu ke nan na sayi Boxer na hannu wajen wani dillali, ya rantse mini ɗan 2022 ne, kart giriz, wato takardar rajistar mashin, ma haka ta nuna. Da na kai shi juyen mai, sai bakaniken ya leƙa wuyansa ya yi dariya, ya ce ɗan 2019 ne. Na ce ta ina ka gane, ya ce sirrin sana'a ne. Ga lambar nan na rubuto maka duka. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Bakanikenka ne ke da gaskiya, sai dai batun sirri ya ja maka rai ne kawai. Babu wani sirri, ƙirga ne. Samo tsumma da ɗan kananzir, ka juya kan babur ɗin hagu har ƙarshe, ka goge wuyan nan inda kai ke juyawa a cikin firam. Galibi a gefen dama lambar take, an buga ta cikin ƙarfe. In ba ta fito sosai ba ka goga alli a kai ka share da tafin hannu, farin zai zauna cikin ramukan. Za ka ga haruffa da lambobi 17 cif. Wasu kamfanoni suna sa ɗan tauraro a farko da ƙarshe, wannan shinge ne, ba a ƙirga shi. Daga hagu ake farawa, ba karatun allo ba ne; na taɓa ganin yaron shagona ya ƙirgo daga dama ya mayar da sabon mashin tsoho tukuf.

A da kowane kamfani yadda ya ga dama yake buga lambarsa, wani takwas, wani goma sha ɗaya. A 1981 ne Amurka ta tilasta wa duk abin hawan da za a sayar a ƙasarta ya zo da guda 17, hukumar daidaita ma'auni ta duniya, ISO, ita ma tana da ƙa'idarta mai lamba 3779 a kan wannan tsari. Daga nan ƙasashe da yawa suka bi.

Ukun farko su ne asalin mashin, kamar a ce ƙasarsu da gidansu. Taka ta fara da MD2. Duk lambar da ta fara da MA zuwa ME ta Indiya ce, MD2 kuwa na Bajaj ne, masu ƙera Boxer, saboda haka ta wannan fuskar ba a cuce ka ba. TVS nasu MD6 ne, Hero MBL. In ka ga J a farko Japan ke nan: JH2 babur ɗin Honda, JYA Yamaha, JS1 Suzuki, JKA Kawasaki. L kuwa Sin ce, kuma ita ce za ka fi cin karo da ita a kasuwannin nan namu, daga Garwa har Kusuri: LC6 na masu ƙera Haojue, LF3 Lifan, LZS Zongshen, LLC Loncin. Sau nawa aka kawo mini mashin da sitika a tanki an rubuta Japan ɓaro-ɓaro, ina leƙa wuya in ga L. Sitika ko yaro zai iya manna ta. Amma kada ka ɗauka duk mai L jabu ne. Honda da Yamaha da Suzuki duk suna ƙera babura a Sin tare da kamfanonin can, kaya ne na gaske, wurin haihuwa ne kawai ya bambanta. Abin da ba daidai ba shi ne a karɓi kuɗin ɗan Japan a miƙa maka ɗan Sin.

Na huɗu zuwa na takwas bayanin samfuri ne, girman inji da irin firam da makamantansu. Kowane kamfani da nasa fassarar, ba sai ka wahalar da kanka ba.

Na goma shi ne wanda bakanikenka ya leƙa. Shi ke nuna shekara. A ita ce 2010, B 2011, haka ake tafiya har H 2017. Sai a tsallake I, J ta zama 2018, K 2019, L 2020, M 2021, N 2022. A tsallake O, P 2023. A tsallake Q, R 2024, S 2025. Kafin 2010 da lambobi aka yi aiki, 1 zuwa 9 su ne 2001 zuwa 2009, Y kuma 2000. Ba a sa U ko Z ko sifili a matsayin shekara. Duk shekara 30 abin ke zagayowa, don haka M tana iya zama 2021, tana iya zama 1991, amma wanda ya kasa bambanta mashin ɗan shekara huɗu da ɗan shekara talatin da huɗu, to ba lamba ce matsalarsa ba. Na ƙirga taka sau biyu, na goma K ce. Da ɗan 2022 ne da N za ka gani.

Yanzu batun dillali. Ba zan yi saurin ce masa maƙaryaci ba, ko da yake na san halinsu, in dai la'ada za ta fito ko tsohuwar jaka sai su ce budurwa ce. Shekarar da ke kan kart giriz ita ce ta ranar da aka fara yi wa mashin rajista. A nan yankin namu, mutum sai ya sayo babur daga Mubi, ya yi shekara uku yana zirga-zirga da shi tsakanin ƙauye da gona ba takarda ko ɗaya, sai ranar da zai sayar ko zai shigo birni ya je ya yi. Takarda ta ce 2022, ƙarfe ya ce 2019, kuma dukansu ba su yi ƙarya ba. Wani lokaci ma a cikin kwali mashin ke kwana shekara guda a sito kafin a ɗaure shi. Amma shekara uku ta yi yawa a ce a kwali ya yi ta. Duba robar takawa da haƙoran sifaket da inda makulli ke shiga, su za su gaya maka ko ya sha hanya. In ya sha, koma wa dillalin da lambar a hannu da dattijo guda, a rage maka wani abu. Na goma sha ɗaya masana'antar da aka haɗa shi ce, shida na ƙarshe kuma lambarsa ta kansa a layin ƙira.

Tambaya: Kawu, ina Kusuri. An kawo mini wani mashin mai kyau, kuɗinsa bai kai rabin na kasuwa ba. Mai shi ya ce takardun sun ɓata a ambaliya. Lambar tana nan guda 17, na ƙirga, amma wurin ya fi sauran jikin sheƙi. In saya?

Amsa: Kada ka saya, ɗan 'yar'uwata. Bari in ba ka labarin kaina, don ni ba ji na yi ba.

Shekarar da na yi aure, ina ganin na gama sanin ƙarfe, wani mutum da muke shan shayi tare ya kawo mini jan mashin, injinsa kamar agogo. Ya ce na ƙaninsa ne da ya tafi kudu. Na saurari inji, na duba hayaƙi, na hau na zaga unguwa, komai lafiya. Wuyan ne kawai ban taɓa ba. Na leƙa dai, na ga lamba ta yi daidai da 'yar takardar da ya ba ni, na biya da kuɗin da na tara na kayan ɗaki. Wata huɗu ina hawa. Ranar wata kasuwa a hanyar Gidar aka tsayar da mu a shinge. Wani jandarma mai furfura, bai ko kalli takardar ba, ya durƙusa ya sa babban yatsa yana shafa wuyan mashin a hankali kamar mai neman jijiya. Ya tsaya a wuri guda. Ya ciro 'yar wuƙa ya kankare fentin, ya ce in matso in gani. Wata 8 ce, cikinta na dama ya yi zurfi sumul irin bugun inji, na hagu kuwa rami-rami ne, an bi shi da ƙusa da guduma. Asalinta 3 ce aka rufe mata baki. Gumi ya karyo mini tun daga ƙeya. Kwana biyu na yi ina bayani, Allah Ya taimake ni akwai shaidu biyu da suka ga cinikin. Mashin ya koma wa mai shi na gaskiya, kuɗina kuwa har yau. Mai shayin ma ban sake ganin ƙeyarsa ba. Uwargida ta yi shekara tana tuna mini gadon da ba a saya ba.

Tun daga ranar da yatsa nake karanta lamba kafin ido. Bugun masana'anta layi ɗaya yake bi, tazara ɗaya, zurfi ɗaya, fasalin haruffa ɗaya. In 5 biyu suna cikin lambar dole su zama tagwaye. Na hannu kuwa sai ka ga ɗaya ta ɗaga, ɗaya ta sunkuya. Wuyan babur bututu ne, a zagaye yake. In ka shafa ka ji wurin lambar ya baje ko ya lotsa, an ci shi da injin guga an sake bugawa. Sheƙin da ka gani shi ne sabon fenti a kan tsohon jiki. Wa zai fente wuya kaɗai ya bar tanki yana ɓarewa? Ka kuma haska tocila ka duba ko akwai zoben walda sama da ƙasa da lambar, don wasu yanko wuyan mataccen mashin suke yi su dasa a na sata. Wannan ya fi muni, domin ban da ɗauri, ranar da ka faɗa rami da buhu biyu a baya wuyan zai iya rabuwa.

Masu gogewa suna zaton in sun share lamba ta tafi ke nan. Ba ta tafi ba. Lokacin da inji ya buga ta, ƙarfen da ke ƙarƙashin ramin ya danne ya canza, kuma masu binciken 'yan sanda suna da ruwan asid da suke shafawa, tsohuwar lambar ta sake bayyana kamar inuwa.

Ko da lambar lafiyayya ce, abin da take faɗa shi ne inda aka ƙera mashin da shekararsa. Ba ta faɗin na wane ne. Wannan aikin takarda ne: rasit na shagon da aka saya, takardar duwan, wato kwastan, in daga waje ya shigo, kart giriz, da takardar sayarwa da aka sa hannu gaban hukuma tare da katin shaidar mai sayarwa. Ku da ke bakin gadar Ngeli kun fi kowa sanin yadda mashin ke kwana a Njamena ya wayi gari a Kusuri. Ambaliya gaskiya ce, ta ci takardun mutane da yawa. Amma wanda takardarsa ta ɓata da gaske ba ya tsoron zuwa ofishin sufuri a ciro masa kwafi. Ce masa ku tafi tare, kai za ka biya kuɗin. In ya ce yana sauri, bar shi ya yi saurinsa.

Ga kuma dalilin da ya sa nake ɓoye ƙarshen lambobinku. Masu sayar da mashin a Facebook suna ɗaukar hoton lamba da kart giriz su watsa. Ɓarawo mai wayo ba ya ƙirƙirar lamba, ta mashin mai rai yake kwafa ya buga wa na sata, sai a wayi gari babura biyu suna yawo da suna ɗaya.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a lise, wato sakandare, a Ngaundare. Yayana ya ce akwai lissafin da ake yi a gane lambar shasi ta jabu. Da gaske ne?

Amsa: Da gaske ne 'yata, kuma na ji daɗin tambayar, don ni ma 'yata ta biyu ce ta zaunar da ni ta koya mini a bayan kwalin filogi. Na tara a jerin shi ne mai gadin sauran. Ga yadda ake yi.

Kowane harafi ana mayar da shi lamba. A zuwa H su ne 1 zuwa 8. J zuwa N su ne 1 zuwa 5. P 7 ce, R 9 ce. S zuwa Z su ne 2 zuwa 9. Lambobi kuwa suna nan yadda suke. Sannan kowane gurbi yana da nauyinsa, daga na farko zuwa na 17: 8, 7, 6, 5, 4, 3, 2, 10, 0, 9, 8, 7, 6, 5, 4, 3, 2. Ki ninka kowace lamba da nauyin gurbinta, ki tara duka, ki raba da 11. Abin da ya yi saura shi ne ya kamata ki gani a gurbi na tara. In saura 10 ne sai a rubuta X. Gwada da lambar wasa, 1 sau goma sha bakwai: jimillar nauyin 89 ce, 11 sau 8 ya ba da 88, saura 1, kuma na taranta 1 ne. Ta ci.

Dubi abin da ya same ni a hanyar Gidar. Wanda ya mayar da 3 ta zama 8 ya ƙara 5 sau nauyin wannan gurbi a kan jimilla, kuma babu yadda za a yi wannan ƙarin ya rabu da 11 ba saura. Ke nan canza lamba guda ɗaya tak dole ya tona kansa. Da na san wannan a lokacin, da fensir kaɗai ya cece ni.

Sai dai ki gaya wa yayanki kada ya je yana kama mutane da ɓarayi a kasuwa. Wannan lissafi wajibi ne ga abin hawan da aka yi don Amurka da Kanada, Sin ma tana bin sa. Turai ba ta tilasta ba, kuma akwai kamfanonin wasu ƙasashe da ke sa abin da suka ga dama a gurbin. In lambar da ta fara da L ta faɗi wannan jarrabawa, a sake ƙirgawa, in ta sake faɗi a yi shakka. In ta wata ƙasa ce, faɗuwar ba hujja ba ce.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ina jigilar kaya tsakanin Njamena da Abeshe. Ina da Land Cruiser biyu. Ɗaya lambarta ta fara da JT, guda 17 ce, amma na gomanta sifili ne. Ɗayar tsohuwa ce, lambarta gajera, ta fara da HZJ75. Sannan ana tallata mini babur mai ƙafa huɗu daga wani sansanin mafarauta, na rasa inda lambarsa take.

Amsa: Alhaji, Allah Ya ƙara arziki, duka biyun lafiyarsu ƙalau. JT Toyota ce ta Japan. Motocin Toyota da yawa da aka yi don kasuwannin Afirka da ƙasashen Larabawa ba sa ɗauke da shekara a gurbi na goma, shi ya sa ka ga sifili. In shekarar kake so, wakilin kamfanin zai ciro ta daga lambar. Kafin nan duba ƙyallen da ke ɗinke a gindin bel ɗin kujera, galibi akwai shekara a jiki, in dai ba a canza shi ba.

Gajerar kuwa tsarin Toyota ne na gida, wanda motocin da aka yi don cikin Japan da tsofaffin da aka fitar waje suke ɗauke da shi: sunan samfuri, sai lambar layi. HZ injin 1HZ ke nan, dizal mai silinda shida, lita 4.2, wanda ya fito a 1990. J ita ce Land Cruiser, 75 kuma 'yar gidan 70 ce da aka fara a 1984. Abin da za ka kula da shi a irin waɗannan motoci shi ne a ga lambar da ke kan farantin cikin bonet ta yi daidai da wadda aka buga a ƙarfen shasi, galibi gefen dama kusa da tayar gaba. Faranti da ƙusa biyu yake riƙe, kowa zai iya cire shi. Motocin sahara kuma an sha ɗora bodin wata a kan shasin wata. In Hilux ta shigo hannunka, AHT ta Afirka ta Kudu ce, MR0 ta Tailan.

Mai ƙafa huɗun, sa yaro ya wanke taɓon ƙasan tukuna. Ba a wuya ake buga tasu ba, a bututun firam ne na ƙasa, sau da yawa gefen hagu ko can gaba tsakanin tayoyi, kuma farantin kariya yakan rufe ta. Yamaha za ka ga JY4 in ɗan Japan ne, 5Y4 in a Amurka aka haɗa shi, Polaris kuma 4XA. Karatun shekara iri ɗaya ne da na babur.

Tambaya: Baba, lambar injina ba ta yi daidai da ta shasi ba, kuma a kart giriz an rubuta harafin O inda ƙarfe ya nuna sifili. Ina cikin matsala? Daga mai sayar da fetur a Garwa.

Amsa: Na farkon ba komai, ɗana. Inji da lambarsa daban, firam da tasa daban, ba a tsammanin su zama ɗaya. In dai ka taɓa canza inji, ajiye rasit ɗin wanda ka saya.

Na biyun kuskuren mai bugawa ne, domin babu I, babu O, babu Q a cikin lambar shasi mai 17 ko ta wace ƙasa ce. An cire su ne don kada a rikita su da 1 da sifili. Amma kada ka gyara da biro, kada kuma ka bari wani ya ce zai taɓa maka ƙarfen don ya dace da takarda. Ɗora farar takarda a kan lambar ka goga fensir har ta fito, ka haɗa da rasit da kart giriz ɗin, ka tura mashin ɗin kansa zuwa ofishin sufurin da ya ba ka ita su gani da idonsu. Je da sassafe, kafin layi ya yi tsawo.